Kama da Wane Ba Ta Wane: Raddi ga Masu Cewa Tsutsa Duk Tsutsa Ce

Gabatarwa

Wata ɗabi'a ta yi kaka-gida a rubuce-rubucen Hausa da suka shafi halittu, musamman takardun darasi da fassarorin da ɗalibai ke miƙa wa juna. Duk wata halitta doguwa, mai laushi, marar ƙafa, sai a kira ta tsutsa a wuce wurin. Tana, wato wadda ke fitowa daga ƙasa da damina, an ce tsutsa ce. Matsattsaku an ce tsutsa ce mai shan jini. Kurkunu tsutsa, abin da ke fita daga ruɓaɓɓen nama shi ma tsutsa. In aka yi ƙorafi sai a ce ai haka Bahaushe yake faɗa, kuma ba a koya wa mai harshe harshensa.

Wannan amsa rarrauna ce ta fuska biyu. Da farko, Bahaushe bai faɗi haka ba, an dai ɗora masa ne. Na biyu, ko da ya faɗa, ilimin rarrabe halittu ba a kan kama ya ginu ba, a kan asali da dangantaka ya ginu. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tarihin ƙananan halittun nan masu jiki gaɓa-gaɓa, dangin tana da matsattsaku, waɗanda masana suka shafe fiye da shekara 250 suna ware su daga tarkacen da aka cuɗa su a ciki. Ɗalibin Hausa da ya sake mayar da su cikin wannan tarkace da kalma guda ya rushe aikin da ba shi ya gina ba.

Bahaushe Bai Ce Haka Ba

Tun kafin a buɗe makarantar boko ta farko a ƙasar Hausa, manomi da masunci da wanzami sun raba waɗannan halittu da sunaye. Ta cikin danshin ƙasa, wadda masunci ke sa wa ƙugiya, ita ce tana. Mai maƙale wa ƙafar mutum ko bakin dabba a tafki shi ne matsattsaku. Mai fasa fata ya fito kamar zare shi ne kurkunu. Faffaɗar nan ta cikin hanji ita ce tsila. Farar ƙatuwar da ake tonowa a juji ita ce gwazarma. Masu ƙafafu da yawa kuwa, shanshani da ƙadandoniya, ko kusa ba a sa su cikin wannan lissafi ba. Kalmar tsutsa tana da nata gida: ta fi zama a kan abin da ke cin nama ko ɗan itace ko ganye, kuma takan yaɗu zuwa ga na cikin ciki.

To daga ina cuɗanyar ta fito? Daga teburin mai fassara. Faransanci yana da kalmar ver, wadda ake liƙa wa tana da kurkunu da tsila, sai dai a ƙara wata kalma a bayanta don bambancewa. Ingilishi ma haka yake yi da tasa kalmar. Mai fassara da ya buɗe ƙamus ya ga an ba shi tsutsa, sai ya riƙa zuba ta duk inda ya ci karo da kalmar baƙon harshe, ya bar sunayen gida biyar ko shida a ajiye. Sakamakon shi ne rubutun Hausa da ya fi maganar tsohuwa a ƙauye talauci. Wanda ya yi wannan ba kare harshe ya yi ba, ya aro ragwancin wani harshe ne ya yafa wa nasa.

Ramin da Turawa Suka Fara Faɗawa

Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne kimiyyar Turai ita ma da wannan kuskure ta soma. A shekarar 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, wanda daga kansa ake fara ƙirga sunayen dabbobi na kimiyya har yau. Ya kasa dabbobi aji shida: masu shayarwa, tsuntsaye, ajin kwaɗi da macizai, kifaye, ƙwari, sai na shida da ya kira Vermes, wato tsutsotsi. Wannan aji na shida rumbu ne da aka zuba duk abin da ya rage. A cikinsa akwai tana da matsattsaku da tsutsar ciki, akwai dodon koɗi, akwai murjani, har da wata halittar teku mai kama da kifi marar muƙamuƙi, wadda daga baya aka gane ƴar'uwar masu ƙashin baya ce.

Linnaeus da kansa ya raɗa wa doguwar tsutsar cikin mutum suna Ascaris lumbricoides, kalma ta biyu kuwa ma'anarta mai kama da tana. Alhali tun a 1683 wani likita ɗan Ingila, Edward Tyson, ya feɗe wannan tsutsa ya nuna cewa kayan cikinta sun sha bamban da na tana. A farkon ƙarni na 19 ne Jean-Baptiste Lamarck na Faransa ya farfasa wannan rumbu, ya ware masu jiki zobe-zobe ya ba su sunan da ya zama Annelida, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin zobe.

Kuskuren bai ƙare a nan ba. Georges Cuvier, a littafinsa na 1817, ya dubi gaɓoɓin tana da gaɓoɓin ƙwari da ƙadandoniya, ya haɗa su gida ɗaya. Wannan ra'ayi ya yi mulki kusan shekara 180. A 1997 binciken ƙwayoyin gado na DNA ya nuna cewa ƙwari da ƙadandoniya sun fi kusa da dangin kurkunu da tsutsar ciki, domin dukkansu suna saɓa, wato suna tuɓe tsohuwar fata su yi sabuwa. Tana kuwa ta koma ɓangaren dodon koɗi. A taƙaice, kurkunu ya fi kusa da ƙuda a kan yadda yake kusa da tana, ita kuma tana ta fi kusa da dodon koɗi a kan yadda take kusa da tsutsar ciki. Wanda ya tara tana da kurkunu ƙarƙashin kalma ɗaya a takardar darasi, matsayinsa na 1758 ne.

Su Wane ne Dangin Tana

Rukunin Annelida ya ƙunshi nau'o'i wajen dubu 20 da aka riga aka raɗa wa suna, mafi yawansu a teku. Jikinsu jerin gaɓoɓi ne kamar na rake, kuma gaɓar ba a fata kawai ta tsaya ba. A ciki akwai shamaki tsakanin gaɓa da gaɓa, kowace da nata ƙullin jijiya da nata ƴan bututun fitar da ƙazanta. Mafi yawansu suna da ƴan gasu masu tauri da suke kafawa a ƙasa in za su ja jiki, shi ya sa in aka shafa cikin tana daga wutsiya zuwa kai akan ji kaushi. Ba sa saɓa, kuma ba sa rikiɗa su zama ƙwaro mai fiffike.

Ƙanana daga cikinsu su ne aka fi zalunta da kalmar tsutsa. Akwai dangin da ake kira Enchytraeidae, farare sirara, mafi yawansu ba su wuce santimita 1 zuwa 2 ba, suna zaune a ƙasa mai danshi da takin da ke ruɓewa. Mai lambu yakan ɗauke su ƴaƴan tana, ko ya ɗauke su tsutsar da ke cin saiwa, alhali ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke kansa suke ci. Akwai Tubifex, ja siriri, mai kafa kai cikin laka yana kaɗa wutsiya a ruwa don ya sha iska. A cikin laka ɗaya ake samun wata jar halitta mai kama da shi, amma ita ɗiyar wani ƙwaro ce mai kama da sauro wanda ba ya cizo. Dukkansu ja ne saboda sinadarin da ke riƙe iska a jininsu, irin wanda ya sa jinin mutum ya yi ja. In aka sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɗiyar ƙwaron tana da kai mai tauri da ƴan guntayen ƙafafu, kuma nan gaba za ta tashi sama. Tubifex kuwa a laka zai haihu, a laka zai mutu.

Matsattsaku da Rabon Gado

A nan ne raddin ya juya ga wani ɓangare na biyu, wato masu zumuɗin ƙirƙirar kalmomi. Su sun yarda tsutsa ba ta wadatar ba, amma sai su ɗauki tsohon littafi su fassara abin da suka tarar. Tsohon littafi ya kasa Annelida aji uku. Na farko Polychaeta, masu gashi da yawa, na teku. Na biyu Oligochaeta, masu gashi kaɗan, wato tana da ƙananan danginta. Na uku Hirudinea, matsattsaku. Sunaye biyu na farko Bajamushe Adolph Grube ne ya ƙago su a 1850. Fassara su zuwa Hausa abu ne mai sauƙi, har ma da daɗin ji. Matsalar ita ce biyu daga cikin ajin uku sun riga sun tsage.

Duk wanda ya lura da tana balagagga ya ga wata ɗamara mai kauri kusa da kanta. Wannan ɗamara ita ke fitar da majinar da ke daskarewa ta zama ƙwanson da ƙwai ke ƙyanƙyashewa a ciki. Masana suna kiranta da kalmar Latin mai nufin abin da ake ɗora wa dabbar kaya a baya, wato abin da Bahaushe ke kira akumari. Matsattsaku ma yana da wannan akumari a lokacin haihuwa, yana yin ƙwanso, kuma kamar tana, kowane ɗaya yana ɗauke da kayan namiji da na mace. Saboda haka a 1919 Wilhelm Michaelsen na Hambug ya haɗa su a ƙarƙashin suna Clitellata, masu akumari. Binciken DNA ya zo ya ƙara gaba, ya nuna cewa matsattsaku ya fito ne daga tsakiyar Oligochaeta, kuma mafi kusa da shi su ne wasu ƙananan dangin tana na ruwan daɗi da ake kira Lumbriculidae. Har akwai shaida mai rai: wata halitta mai suna Acanthobdella, da ke maƙale wa kifi a ruwayen arewacin Turai da Saberiya da Alaska, tana da abin maƙalewa irin na matsattsaku a wutsiya, tana kuma da ragowar gashi a gaɓoɓin kanta.

Ma'anar wannan ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa zama wurin rabon gado. Mutum ya rasu ya bar ƴaƴa biyar. Huɗu manoma ne, ɗaya ya koma fawa, ya sake sutura, ya sake magana. In aka zo lissafin magada aka ce huɗun nan su ne gidan, shi na biyar gida ne dabam saboda bai yi kama da su ba, an yi zalunci kuma lissafi ya ɓaci. Ƙa'idar masana a yau ita ce rukuni ba ya inganta sai ya tattara kaka ɗaya da dukkan zuriyarsa. Oligochaeta da aka cire wa matsattsaku gida ne da aka hana ɗa guda gado.

Polychaeta ya fi wannan tsagewa. Binciken da Torsten Struck da abokan aikinsa suka buga a 2011, da waɗanda suka biyo bayansa, sun nuna cewa masu akumari gaba ɗaya reshe ne a cikin masu gashi da yawa. Haka kuma wasu halittun teku da aka daɗe ana ba su rukuni mai zaman kansa, saboda ba a ganin gaɓa a jikin manyansu, sun tabbata ƴan gida ne da suka zubar da gaɓoɓin. Ke nan ko gaɓar da aka raɗa wa rukunin suna saboda ita ba ta isa ta zama alƙali ita kaɗai ba. Mai ƙirƙirar kalma da ya zauna ya sassaƙa wa ajin nan uku kyawawan sunayen Hausa ba tare da wannan bayani ba, ya yi wa katangar da ta riga ta karkace shafe ne.

Shari'ar Suna Biyu

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na dangi biyu na ƙananan masu akumari da ke zaune a ruwa. Na farko Naididae, sunan da Christian Ehrenberg ya kafa a 1828. Waɗannan ƙanana ne ƙwarai, da yawansu milimita kaɗan ne, jikinsu garai-garai, suna yawo a kan ciyawar ruwa, wasu har iyo suke yi, wasu suna da ƴan ɗigon ido. Yawanci ba ta ƙwai suke yaɗuwa ba: jikin yakan tsiro sabon kai a tsakiya, sai a ga jeri kamar ayari, daga baya kowane ya ɓalle ya kama gabansa. Na biyu Tubificidae, dangin Tubifex, mazauna laka, masu haihuwa ta ƙwai, waɗanda yawan nau'o'insu ya ninka na Naididae. Fiye da shekara 100 kowane littafi yana jera su dangi biyu, kuma duk mai ido zai yarda.

Da aka auna DNA sai ta bayyana cewa Naididae reshe ne da ya tsiro daga cikin Tubificidae. Christer Erséus na ƙasar Suwidin, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa a kan waɗannan halittu, shi da abokiyar aikinsa Lena Gustavsson suka ba da shawara a 2002 a haɗe su dangi ɗaya. Sai tambaya ta taso: wane suna za a riƙe? Dokar raɗa wa dabbobi suna ta ce in sunaye biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda ya riga shi ne mai haƙƙi. Naididae ya girmi Tubificidae da shekaru masu yawa. Masanan suka kai roƙo gaban hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi, suna neman a yi rangwame a bar Tubificidae, domin shi ne babban dangi kuma shi ne ya cika littattafan binciken gurɓatar ruwa. A 2007 hukumar ta ƙi. A 2008 Erséus da abokansa suka buga takardar da suka yi bankwana da sunan da suka nemi a ceta, suka koma kiran dangin gaba ɗaya Naididae. Har yanzu akwai masanan da ba su saki tsohon sunan ba, kuma muhawara ba ta mutu ba, amma kowa ya san inda doka ta tsaya.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne masanin da ya fi kowa sabo da wani suna ya sauke shi saboda hujja da ƙa'ida sun hukunta. In haka ne, da wane dalili mai rubuta takardar darasi zai kafe kan kalmar tsutsa, alhali abin da kawai ya riƙe shi sabo ne da ƙyuyar buɗe wani littafi?

Abin da Kuskuren Suna ke Jawowa

Wani zai ce duk wannan gardamar malamai ce, ba ta ƙara wa kowa tuwo. Tarihi ya ƙaryata shi.

Akwai wata cuta da ke kama ƴaƴan kifin ruwan sanyi, ta lalata guringuntsinsu, ta sa su riƙa juyawa kamar masu hajijiya har su mutu. An bayyana ƙwayar cutar a Jamus a 1903, ta shiga Amurka a shekarun 1950. Shekara 80 masana suna neman yadda take yaɗuwa ba su gane ba, domin rabin rayuwarta a cikin Tubifex take yi, kuma siffar da take ɗauka a can ta sa an ba ta wani suna dabam an sa ta a wani aji dabam. Maria Markiw da Ken Wolf ne suka warware ƙullin a 1983 da 1984. A shekarun 1990 cutar ta yi mummunar ɓarna a kogin Madison na jihar Montana. Daga baya kuma aka gano cewa abin da ake kira Tubifex tubifex zuriyoyi ne da dama masu kama ɗaya, wasu suna ɗaukar cutar su yaɗa ta, wasu ba ta kama su. Mai kula da kogi da bai iya bambance su ba bai san inda haɗarin yake ba.

Misali na biyu daga asibiti yake. Likitocin fiɗa suna amfani da matsattsaku don ya zuƙe jinin da ya taru bayan an ɗinke yatsa ko kunnen da ya yanke. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan, da sunan Hirudo medicinalis. A 2007 Mark Siddall da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da ake sayarwa da wannan suna wani nau'i ne, Hirudo verbana. Ke nan bincike da dama da dokokin kare halittu sun daɗe suna ambaton wani suna aiki da wani.

Misali na uku ya shafi tafkunan ƙasar Hausa. Cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana bi ta jikin dodon koɗin ruwa kafin ta shiga mutum. A jikin dodon koɗin ruwan daɗi akan sami wani ƙaramin ɗan Naididae mai suna Chaetogaster limnaei, wanda ke haɗiye ƴaƴan irin waɗannan ƙwayoyin cuta yayin da suke neman shiga ko fita. Gwaje-gwaje sun nuna yakan rage kamuwar dodon koɗin. To ga halitta biyu a jikin dodon koɗi ɗaya, ɗaya mai cutar da mutum, ɗaya mai cinye ta. Rubutun da ya kira su duka tsutsa ya rufe wa mai karatu ƙofar fahimtar abin da ke faruwa.

Haka abin yake a gona. Tsutsar ciki tana yaɗuwa ne ta ƙwai da ke fita cikin bayan gida, su koma baki ta hannu ko abinci marar tsabta. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da shi a 2013, yana shiga ne ta wasu ƙananan halittun ruwan sha, shi ya sa tace ruwa da ƙyalle ya yi maganinsa. Tana ba ta cikin ko ɗaya. Ita huda ƙasa take yi ruwa da iska su shiga, tana mayar da ganye taki. Charles Darwin ya keɓe mata littafinsa na ƙarshe a 1881. Wani nau'inta ɗan asalin Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, ana kiwonsa yau a Indiya da wasu ƙasashe masu zafi don yin taki. Yaron da aka koya wa cewa ita da abin da ke cikin cikinsa abu ɗaya ne zai taso yana ƙyamar mai taimakon gonarsu.

Uzurori da Amsoshinsu

Uzuri na farko shi ne jama'a ba za su gane ba. Amsa ita ce jama'a su ne masu kalmomin tana da matsattsaku da kurkunu. Wanda bai gane ba shi ne mai fassara. Ba wanda ya ce a hana uwa cewa ɗanta yana da tsutsar ciki, ko mai tumatir cewa tsutsa ta shiga kwandonsa. Maganar kasuwa tana da hurumi, takardar darasi ma tana da nata.

Uzuri na biyu shi ne masana kullum cikin sauya suna suke, don haka bin su wahala ce. Gaskiya ne suna sauyawa, amma ba da son rai ba. Kowane sauyi da aka ambata a sama wata sabuwar shaida ce ta tilasta shi, kuma akwai doka da hukumar da ke yanke hukunci. Ilimin da ke gyara kuskurensa a bainar jama'a ya fi cancantar a bi shi a kan wanda ya kafe.

Uzuri na uku shi ne jarrabawa har yanzu aji uku take tambaya. To a koya wa ɗalibi aji ukun, a kuma gaya masa a layi biyu cewa tsohon kashi ne da aka gina kan kama, ga yadda aka gyara shi. Ɗalibin da ya san duka biyun zai ci jarrabawa kuma ba zai ji kunya a gaba ba.

Uzuri na huɗu na masu kishin harshe ne, waɗanda ke son a kori sunayen Latin gaba ɗaya. Waɗannan sunaye ba na Faransa ko Ingila ba ne. Bafaranshe da Bajapane da Balarabe duk aro suke yi, domin su ne adireshin da ke kai mutum ga duk abin da aka rubuta kan halitta. In Bahaushe ya jefar da su, ya yanke igiyar da ke haɗa ɗalibinsa da sauran masu bincike. Hausa ta daɗe tana ɗaukar kalmomin fiƙihu da nahawu daga Larabci, ba ta kuwa rage daraja ba.

Kammalawa

Abin da ake nema daga mai rubutu da Hausa kan waɗannan halittu ba mai yawa ba ne. Inda Hausa take da suna, tana ko matsattsaku ko kurkunu ko gwazarma, a yi amfani da shi. A bar tsutsa ga ƴaƴan ƙwari da maganar yau da kullum, in kuwa dole ta shigo darasi a faɗa a fili cewa siffa take nunawa, ba dangantaka ba. Rukunin Annelida a kira shi dangin tana, a rubuta sunansa na kimiyya a gefensa. Reshen da ya haɗa tana da ƙananan danginta da matsattsaku a kira shi masu akumari, domin wannan suna ya dace da abin da ido ke gani ya kuma dace da abin da DNA ta tabbatar. Kafin a sassaƙa wa wani rukuni sabuwar kalma, a bincika ko rukunin yana nan tsaye. Kalmomin jinsi da nau'i da iri da dangi kuma, waɗanda ake musanyawa yadda aka ga dama, a tsayar wa kowace matakinta a cikin rubutu ɗaya, kada ta sauka daga kansa.

Ɗalibin da ke shakkar wannan magana yana da hanyar gwaji mai arha. Da damina ya ɗebo tana guda daga bayan gida da gwazarma guda daga juji, ya ajiye kowace a tukunya da ƙasarta mai danshi, ya rufe da ƙyalle, ya yi haƙuri. Ɗaya za ta rikiɗa ta fito ƙwaro mai fiffike da ƙafa shida. Ɗayar za ta ci gaba da zama tana. Bayan nan sai ya koma ga takardarsa ya duba ko har yanzu kalma ɗaya ta ishe su.